Roƙon Ruwa a Lokacin Dabino

Inna ce ta kawo shawarar, amma ba zan ɗora mata laifi ba, ni na aikata da ƙafata da bakina. Wata Talata da hantsi ta kira ni ina saman dabino, igiya a ƙugu, lauje a hannu, a gonar da nake aiki a Zighan, wani ƙauyen manoma da ke bayan Sabha. Ko gaisuwa ba mu ƙarasa ba ta ce, "Ruwa ya ɗauke mana. Yau sati uku ko ɗigo. Gero ya yi ciki yana son fidda kai, ga shi ganye ya fara naɗewa tun da safe."

Duk wanda ya taɓa riƙe hauya ya san abin da wannan magana take nufi. Ganye in ya naɗe da rana tsaka, ƙishi ne kawai, zai warware da yamma. In ya naɗe tun da safe, to ban kwana yake yi. Gonar nan kuwa ita ce cikinmu. Inna da matata da yara uku, daga rumbunta suke ci, kaka zuwa kaka. Abin da nake aikawa daga Libiya na sabulu ne da magani da suturar salla, bai taɓa cika rumbu ba. In ruwa bai sauka cikin ƴan kwanakin nan ba, shekarar ta tafi.

A garinmu, can ƙasar Damagaram, in ruwa ya ɗauke akwai inda ake zuwa. Wani dutse ne yamma da gari, da tsohuwar tsamiya a gindinsa wadda ba a sara ko reshenta. Liman yana gaba, jama'a suna biye ba takalmi, mata sun daka gumbar sadaka. A yi raka'a biyu, kowa ya tuɓe rigarsa ya juya ta, ciki ya koma waje, a ɗaga hannu sama a yi ta roƙo. Inna ta ce sun je har sau biyu, sama ta ƙi ko motsi.

"Kai matafiyi ne," in ji ta, "addu'ar matafiyi ba a mayar da ita. Ka tara ƴan'uwanka na can ku roƙa mana. Kada ka ce mini aiki ya yi yawa."

Na ce to, Inna.

Na sauko daga dabinon ban san yadda na sauko ba. Ranar nan na zuba wa layi ɗaya ruwa sau biyu, na bar wani a bushe. Na ɗauki abinci na ajiye. In na zauna sai na ji zaman ya ishe ni, in na tashi ban san inda zan nufa ba. Ni mutum ne mai gajen haƙuri tun asali, kowa ya sani, kuma babu abin da ke cin raina irin a ce ga matsala can, ni ga ni nan, hannuna ba ya kaiwa.

Mu biyu ne a gonar, ni da wani Bakano mai tsokanar tsiya, wanda ke kirana Malam don na fi shi ƴan surori. Mai gonar kuwa tsoho ne, muna ce masa Hajj kamar yadda ƴan ƙasar ke yi. Da ƙuruciyarsa ya yi tuƙin babbar mota zuwa Agadas, can ya tsinci Hausarsa ta kasuwa, wadda ba ta bambanta mace da namiji amma tana isar da saƙo. Shekara bakwai ina tare da shi. Shi ya koya mini hawan dabino, shi ya koya mini yadda ake ɗauko garin furen namiji a sa wa mace da hannu, itace bayan itace, in sanyi ya wuce. Shekarar nan dabinon ya yi ƴaƴa irin waɗanda ban taɓa gani ba. Sun rine daga rawaya zuwa ja, sun fara laushi, zuma na tsattsafowa. Saura sati biyu ko uku a yanka. Kullum da safe sai tsohon ya zaga yana ɗaga kai yana murmushi shi kaɗai.

Bayan gonar, in ka yi ƴar tafiya cikin rairayi, akwai wani wuri da mutanen ƙauyen ke girmamawa. Tsohuwar rijiya ce da ta kusa ƙafewa, da dabino kamar goma da suka fito da kansu, da wani kabari da aka shafe da farar ƙasa. An ce na wani bawan Allah ne, ban taɓa jin wanda ya faɗi sunansa ba. Dabinon wurin ba na kowa ba ne. Mai wucewa ya ci ya ƙoshi, amma ba a zubawa a aljihu, ba a kai kasuwa. Tsofaffi na zuwa su zauna su yi addu'a. Ni dai tun ranar da na fara ganin wurin ya tuna mini da gindin dutsenmu, don haka ban tsaya wani dogon tunani ba.

Bakanon ya ce, "Malam, kusa da kabari? Ga fili nan iya ganinka, sai can?"

Na ce, "Ba kabarin za mu roƙa ba, Allah za mu roƙa. In ba ka zuwa ka zauna."

"Zan zo mana. In ban zo ba wa zai gyara maka karatu?"

Na bi gonakin maƙwabta na gaya wa mutanenmu. Na kira waɗanda ke aikin gini a unguwar Abdulkafi cikin Sabha. Ashe ba ni kaɗai ba ne cikina ke ƙuna, kusan kowa an kira shi daga gida da irin wannan labari. Ranar Juma'a da safe, ranar hutunmu, suka cika motar haya biyu suka zo. Muka taru mun fi ashirin. Muka cire takalma, rairayi bai yi zafi ba tukuna. Wani ya zo da biskit da madara a madadin gumba. Aka tura ni gaba. Na ja raka'a biyu, muka juya riguna, muka ɗaga hannu. Wallahi ban taɓa yin roƙo da zuciya ɗaya irin na ranar ba. Ina ganin ganyen geron nan a idona. Manyan maza da gemu suna kuka a bayana.

Muna cikin shafawa na ji ƙarar mota. Hajj ne, ya zo ziyararsa ta Juma'a. Ya fito yana fara'a, yana jin daɗi ya ga baƙi sun san darajar wurin. Sai idonsa ya sauka kan rigunanmu, ɗinki duk a waje. Fara'ar ta ɗauke. Ya dube ni, ya dubi sama, ya sake dubana.

"Kai roƙi mene?"

Na ce, "Ruwa, ya Hajj. A gida ruwa ya ɗauke."

"Ruwa?" Ya nuna ƙasa da sandarsa. "Nan? Yanzu?"

Sai a lokacin abin ya faɗo mini. Na san shi a ka, an sha gaya mini. Dabino in ya fara nuna, ruwan sama maƙiyinsa ne. Ya taɓa shi, fatar ta tsage, ya yi tsami, ya ruɓe a kan itace. Tsofaffin gidajen ƙauyen kuma da ƙasa mai gishiri aka gina su, ruwa na narkar da su. Duk na sani. Amma shekara bakwai ban ga abin da ya wuce yayyafin da ba ya jiƙa riga ba, kuma ni ɗan inda ake guɗa in hadari ya haɗu ne. Ko a mafarki ban taɓa kawo cewa akwai manomin da ke tsoron ruwan sama ba. Mu fiye da ashirin, dukkanmu manoma, babu ko ɗaya da ya tuna.

Maimakon in ba da haƙuri sai zuciya ta ɗebe ni. Na ce, "Haba ya Hajj! Ba naku muka roƙa ba, namu muka roƙa. Allah bai san hanyar garinmu ba ne?"

Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Allah ya sani. Amma kakana ya ce, wanda ya roƙa a nan, a nan ake ba shi. Mu ba mu roƙi ruwa nan sai an gama yanka. Ko yaro ya sani." Ya koma motarsa ya tafi, ko addu'ar da ta kawo shi bai yi ba.

Mutanenmu suka watse jiki a sanyaye. Bakanon ya bi ni a baya yana cewa, "Kwantar da hankalinka, Malam. Addu'arka ce fa. Tun yaushe kake roƙon babur, ka ga ko taya?" Na ce ya rabu da ni kafin in yi masa abin da zai kai mu ga hukuma.

Kwanakin da suka biyo baya ba na fatan maƙiyina ya ga irinsu. Tsohon ya daina yi mini magana. In yana da umarni sai ya gaya wa Bakanon ina tsaye. Safiya ta yi, ya fito ya dubi sama, ni ma in fito in dubi sama, kowa da abin da yake nema a cikinta. Salla ma ta gagare ni yadda ya kamata. In na ɗaga hannu zan ce Allah ka ba da ruwa, sai in hango dabinon da na yi wa aure da hannuna. In zan ce Allah ka riƙe, sai in ji muryar Inna. Sai in shafa haka nan in tashi. Kullum ina kiran gida sau uku, sau huɗu, har matata ta ce in bari haka, kiran ba ya kawo hadari, yana dai tayar wa Inna da hankali.

Ranar Alhamis bayan azahar iska ta juya. Ina tsugune ina gyara tiyo sai na ji ƙamshin. Ƙamshin ƙasa da ruwa ya taɓa, daga nesa. Kafin in yi tunani jikina ya riga ya yi murna, tsigar jikina ta tashi, bakina ya buɗe da dariya. Na ɗaga kai, ga hadari baƙi ƙirin ya taso daga kudu, irin namu sak. Sai kuma na tuna dabino. Na ji kunyar dariyar nan har yau ina jin ta.

Lasifikar masallaci ta fara kira, ba kiran salla ba. Duk mai ƙarfi ya fito, a yanke abin da za a iya yankewa. Ban taɓa ganin ƙauyen nan a haka ba. Malaman makaranta, masu shago, samari masu gyaran gashi da ba su taɓa riƙe lauje ba, kowa ya fito. Babu wanda ya tsaya tambayar gonar wa ce. Mata na shimfiɗa tamfol, tsofaffi na ɗaure buhu a kan ƴaƴan dabinon da ke ƙasa-ƙasa, motoci na ja da baya ana lodi. Mu da muka iya hawa muka hau. Ina yanka ina zurarwa da igiya, in sauko, in ruga na gaba. Tafin hannuna ya tsage, ƙaya ta shiga cinyata, ban ji ba sai daga baya. Na hau goma sha wani abu, a gonar da ke da itace fiye da ɗari. Ina sama ɗigon farko ya faɗo mini a wuya, mai nauyi, mai sanyi.

Hajj na ƙasa yana riƙe da igiyata. Ya ce, "Sauko." Maganarsa ta farko gare ni ke nan cikin kwana shida. Na ce saura ɗaya. Ya daka mini tsawa, "Sauko, itace santsi!" Na sauko.

Aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Bai tsaya ba sai washegari da hantsi. Da gari ya waye rabin tsofaffin gidajen sun zauna, katanga ta zama taɓo, rufi ya rufta kan kayan mutane. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba a ƙauyen, don tun da yamma samari suka bi gida-gida suka kwashe tsofaffi da yara zuwa masallaci da makaranta, su ne ginin siminti. Ɗakinmu ni da Bakanon ya tafi, muka tsira da bargo da wayoyinmu. Wuta ta ɗauke, rezo ya ɗauke, ba kira ba saƙo, waya ta zama dutse a aljihu. Wani direba da ya fito daga Sabha da kyar ya ce can ma tituna sun zama kogi, mutanenmu na Abdulkafi suna ta kwalfar ruwa daga ɗakuna da bokiti.

A harabar makaranta mata suka kafa manyan tukwane. Duk wanda ke da abin da ruwa bai taɓa ba ya kawo, taliya, man girki, garin alkama, gas. Aka zuba mana a faranti ɗaya da ƴan gari, babu wanda ya ce ku baƙi ku koma gefe. Amma labarin rigunanmu ya zaga. Ina ganin yadda wasu samari ke kallona, ɗaya ya nuna ni da haɓa ya faɗi wata magana, sauran suka yi tsaki. Na cire hannuna daga farantin. Bakanon, wanda bakinsa ba ya mutuwa, ranar nan ya bar tsokana, ya dai matso ya zauna kafaɗarsa na taɓa tawa.

A sallar Juma'a liman ya yi magana kan haƙuri, ya ce ruwa na Allah ne, ba mai saukar da shi ba mai hana shi, kada wani ya ɗora wa wani. Ban sani ba ko don mu ya faɗa. Sannan ya yi addu'ar da ake yi in ruwa ya yi yawa, a ɗauke shi daga kan mutane a kai shi kan tuddai da kwaruruka da inda shuka ke bukata. Masallaci ya amsa da amin. Ni tawa amin ɗin ta fi ta kowa ƙarfi har na gefena ya waiwayo. A zuciyata ina cewa kudu, ya Rabbi, kudu, ka san wurin.

Abin da ya riƙe ni a kwanakin nan ke nan. Hadarin daga kudu ya taso. In har ya iso nan, tsakiyar hamada, ai sai ya bi ta kanmu. Na riƙe wannan lissafi da hannu biyu. Muna kwashe taɓo, muna tono kayan mutane, muna kafa tantuna, ni kuwa kowane minti hannuna na aljihu ina duba waya. Na hau kan makaranta, na hau kan tankin ruwa, babu ko sandar rezo ɗaya. Gonar kuwa ba na son shiga. Rana ta fito da zafi kan dabinon da ya jiƙe, warin tsami ya cika ko'ina, ƙudaje sun yi baƙi a kan ƴaƴan, suna faɗowa ɗaya-ɗaya suna fashewa a ƙasa.

Rana ta uku da safe ina wanke shebur, motar Hajj ta tsaya a gabana. Ya ce, "Shiga." Na ce shi ke nan, kora ce, kuma ban ga laifinsa ba. Na shiga ban tambaya ba. Bai bi hanyar tasha ba, ya bi hanyar Sabha ya yi ta tafiya har muka kai wani tudu inda motoci suka tsaya mutane na ɗaga wayoyi sama. Ya kashe mota. Ya ce, "Nan akwai rezo. Kira uwarka."

Na kira. Sau biyu tana katsewa, a na uku Inna ta ɗauka. Ta fara da tambayar lafiyata, wai sun ji a rediyo ruwa ya yi ɓarna a Libiya, ba ta yi barci ba. Na ce lafiya lau nake, Inna, ku fa? Ya sauka?

Na ji kukan ɗan ƙaramina a bayanta.

"Hadari ya haɗu ranar Laraba," in ji ta, "har mun kwashe shanya. Iska ta zo ta tafi da shi. Kada ka sa wa ranka damuwa, ka yi abin da na ce ka yi, Allah ya yi maka albarka. Jiya muka saki awaki a gonar."

Ban san abin da na ce mata ba. Na kashe wayar na zauna ina kallon gilashin mota.

Tsohon ya juyo gaba ɗaya yana dubana. Sai na ga ashe shi ma jira yake, kwana ukun nan shi ma abin da ya riƙe ke nan. Ya ce, "Ya sauka?"

Na so in yi masa ƙarya, wallahi na so. In ce ya sauka, gero ya tashi, ko ya ji dabinonsa bai tafi a banza ba. Bakina ya ƙi. Na ce, "Jiya suka saki awaki a gonar."

Manomi ne, bai nemi ƙarin bayani ba, ya san ba a sakar wa awaki gero sai an fid da rai da shi. Ya bugi sitiyari da tafin hannu har hon ya yi ƙara, mutanen da ke kan tudun suka waiwayo. "Ko kaɗan?" Na girgiza kai. Ya kifa goshinsa kan sitiyarin ya daɗe a haka. Ni kuma kukan da na riƙe tun ranar Talatar nan ya ƙwace mini, na yi shi da ƙarfi, ba kunya, a cikin motar mutumin da nake ganin na cuta.

Da ya ɗago ya share fuska da gefen rawaninsa, ya tada mota. Sai da muka juya kan hanyar gida ya yi magana.

"Ni ma yau zan ba awaki dabino," in ji shi. "Ka ɗauko baro, ni da kai."